Kara-Kara a Madubi: Sharhi kan Fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky

Wanda ya ɗauki sunan gari sukutum ya laƙaba wa aikinsa ya ɗauko kaya mai nauyi, domin kowane ɗan garin zai zo ya duba ko an sa shi a ciki. Abin da Aïcha Macky ta yi ke nan a 2021 da ta fitar da fim ɗinta mai suna "Zinder". Fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Mutanen da ke cikinsa 'yan garin ne, abin da suka faɗa kuma daga bakinsu ya fito, da Hausar Damagaram tsantsa. Tsawonsa minti 82. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Visions du Réel a garin Nyon na ƙasar Suwizalan, daga nan ya zaga duniya.

Ga wanda bai san ta ba, Aïcha haifaffiyar Damagaram ce. Ta yi karatun sanin zamantakewar al'umma a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ta koyi aikin fim a Saint-Louis ta ƙasar Senegal. Fim ɗinta na 2016, "L'arbre sans fruit", wato itacen da ba ya 'ya'ya, a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba ne, kuma da kanta ta fara, ta sa nata ciwon a gaban kyamara kafin na kowa. Saboda haka ba baƙuwa ba ce a garin, ba kuma baƙuwa ba ce ga maganar da mutane ke gudun faɗa.

A shirin da nake gabatarwa a rediyo, duk ranar da zancen fim ɗin ya taso masu kira kan rabu gida biyu. Wasu su ce ta tona wa Damagaram asiri a gaban Nasara. Wasu su ce ta faɗi gaskiya, a yi mata jinjina a wuce. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Fim ɗin ya fi ƙarfin zargin 'yan ɓangaren farko, amma kuma akwai tambayar da ya bari a ƙasa, wadda 'yan ɓangare na biyu ba su lura da ita ba: an nuna mana masu riƙe da adda, ba a nuna mana masu cin riba da addar ba.

Abin da fim ɗin ya nuna

Kusan dukkan fim ɗin a unguwar Kara-Kara yake da kewayenta, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da sauran waɗanda gari ba ya son gani. A can matasa suka kafa ƙungiyoyin da ake kira pale, kalmar Faransanci mai nufin fadar sarki. Aïcha ta bi mutum uku. Na farko jagora ne a wata pale ta masu ɗaga ƙarfe da suka sa wa kansu sunan Hitler, burinsa shi da abokansa su kafa kamfanin gadi su ci halal da ƙarfin damtsensu. Na biyu tsohon shugaban pale ne da ya tuba ya koma sana'ar ɗaukar fasinja, amma abin da hannunsa ya aikata a baya ya hana shi sakat. Na uku harkar fasa-ƙwaurin mai daga iyakar Najeriya ce hanyar cin abincinsa, sana'ar da mu a nan muke kira ruwa-ruwa. A gefensu akwai mata masu zaman kansu, akwai 'yan pale da ke gidan kaso, akwai masu fasa dutse.

Babu wani masani da aka zaunar a kujera yana yi mana bayani. Ita kanta mai fim ɗin ba ta cika magana ba, sai 'yar tambaya daga bayan kyamara. Wannan shi ne zaɓinta mafi girma, kuma daga gare shi ƙarfin fim ɗin da rauninsa duka suka fito.

Inda ya yi ƙarfi

Mu ma'aikatan rediyo mun san abin da ya fi wuya a hira shi ne yin shiru. Mai tambaya yakan ji tsoron shiru, sai ya cike gurbin da nasa surutu, mai amsa kuma ya samu hanyar tsira. Aïcha ta iya shiru. Takan jefa tambaya ta bar mutum da ita har sai ya gaji da kare kansa ya faɗi abin da ke ransa. Wurin da tsohon shugaban palen nan yake ba da labarin irin ta'asar da suka yi wa 'yan mata, babu wanda ke matsa masa, babu mai yi masa wa'azi. Shi da bakinsa ne, kuma hakan ya sa maganar ta fi nauyi a ƙirjin mai kallo. Ɗan jaridar da ya sauka daga jirgi da tafinta a gefensa ba zai taɓa samun wannan ba, ko da zai shekara a garin.

Na biyu shi ne maganar Hitler. Tutar nan mai alamar 'yan Nazi ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalin masu kallo a Turai, kuma da wani ne ya yi fim ɗin da a kanta zai gina komai. Aïcha ta bar su suka yi bayani da kansu, sai ga shi a tunaninsu Hitler wani jarumi ne na Amurka da ba a iya kayar da shi. Mai kallo zai so ya yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Saurayin da ya kai shekarun aure bai taɓa jin labarin yaƙin duniya na biyu ba, alhali akwai 'yan ƙasar nan da Faransa ta kwasa zuwa wannan yaƙin. Wannan jimla guda ta faɗi halin da lakwal take ciki a Kara-Kara fiye da rahoto mai shafi ɗari.

Na uku shi ne jiki. Kyamarar takan tsaya a kan tabon sara da na wuƙa, ta daɗe, kamar mai karanta wasiƙa. Waɗannan matasa ba su da takardar shaidar karatu, ba su da gona, ba su da jari. Jikinsu ne kaɗai dukiyarsu, shi suke ginawa da ƙarafan da suka harhaɗa da kansu, shi suke son sayarwa a matsayin masu gadi, a kansa kuma aka rubuta tarihinsu. Fim ɗin ya gane haka kuma ya nuna shi ba tare da ya furta ba.

Sai kuma harshe. Wanda ya kalli fim ɗin ta fassarar da ke ƙasan allo ya samu rabi ne kawai. Akwai gatse, akwai habaici, akwai yadda ɗan Damagaram ke faɗin magana mai zafi cikin raha, waɗanda Faransanci ba ya iya ɗauka. A nan mu masu jin Hausa muka fi kowa riba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga masu cewa an tona asiri

Ina jin zafin da masu wannan magana ke ji. Damagaram gari ne mai ji da kansa, kuma da dalili. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa ana ƙera igwa a garin, ayarin fatake daga Tarabulus zuwa Kano kuma a Zango suke sauka. Sarki Amadu Kuran Daga ya tari Faransawa a Tirmini a watan Yuli na 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar kafin a mayar da shi Yamai. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa yau, ya rubuta littafin tarihin daular a 1971, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Ma'azu Ɗan Alalo ya shekara da shekaru yana wasa sarakunan gidan. Wanda ya tashi da wannan a kunnensa, sai ya ga fim mai sunan garinsu babu ko ɗaya daga ciki, sai tabo da adda da jarkar mai, dole ransa ya sosu.

Amma mu tsaya mu tambayi kanmu. Wa ya kafa Kara-Kara? Ba Aïcha ba ce. Garin nan mai ganuwa shi ne ya ga kuturu bai dace da zama cikin mutane ba, ya tura shi bayan gari. An daɗe da samun maganin kuturta, amma ƙyamar ba ta warke ba, ta bi 'ya'ya ta bi jikoki. Na sha jin matasan unguwar suna cewa da zarar sun faɗi inda suke zaune wajen neman aiki ko neman aure, sai fuskar mai sauraro ta canza. Mutum nawa ne daga cikin masu kukan an tona asiri suka taɓa taka ƙafa a unguwar, in ba don neman mai gadi ko mai tonon rami ba? Asirin da ake cewa an tona, kowa a garin ya san shi. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu baƙo ma ya sani. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ni ban ga laifin sunan ba. Da ta kira fim ɗin "Kara-Kara", da mutanen Birni da Zango da Sabon Gari sun kalle shi kamar labarin wata ƙasa, su girgiza kai su koma shan shayi. Da ta kira shi "Zinder" ta hana mu wannan mafaka. Cewa take waɗannan ma 'yan gari ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai sunan yana da farashi. Idan ka ce garin kake nufi gaba ɗaya, to wajibi ne ka nuna igiyar da ta ɗaure unguwar da sauran garin. A nan ne nake da magana.

Inda ya bar mu a hanya

Abu na farko, pale ba daga sama ta faɗo ba. Kafin pale akwai fada. A shekarun 1990, lokacin da aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa, aikin gwamnati ya yi wuya, lakwal ta shiga yajin aiki da shekarun banza, sai matasan Damagaram suka fara kafa majalisun shayi a bakin titi, kowace da sunanta da shugabanta da ma'ajinta. Gidajen rediyo masu zaman kansu, musamman Anfani, sun taimaka wajen yaɗuwarsu, domin ta nan fadoji ke aika gaisuwa suna jin sunansu a iska. Da yawansu sun yi aikin gayya, sun share unguwa, sun yi sintirin dare. Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kan fadojin Nijar a 2019. Pale reshe ne da ya fito daga wannan itacen ya karkace. Fim ɗin bai nuna mana wannan hanya ba. Wanda ya kalle shi a Nyon zai iya ɗauka haka matasan nan suke tun fil azal, alhali iyayen garin da ke raye sun ga lokacin da abin ya juya, kuma za su iya faɗin dalili. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu na biyu, kuma shi ne babba, shi ne siyasa. Damagaram ba ta taɓa yin sanyi a siyasa ba. Tun zamanin Sawaba garin yake da zafi. Daga nan Mahamane Ousmane ya fito ya ci zaɓen 1993, aka kifar da shi a watan Janairu na 1996, kuma tun daga lokacin da yawa a garin suke ganin Yamai ta juya musu baya. A irin wannan gari, saurayi mai damtse wanda ba ya tsoron kaso kaya ne mai tsada a lokacin kamfe. Duk wanda ya taɓa ɗaukar rahoton taron siyasa a nan ya ga su waye ke cika fili, su waye ke tare ƙofa, su waye ke bin motar ɗan takara a kan babura. Ba a kyauta suke zuwa ba. Akwai mai ba da kuɗin mai, akwai mai zuwa beli idan an kama su, akwai kuma mai mantawa da su washegarin zaɓe. Ranar 16 ga Janairu 2015, da zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar da majami'u, aka rasa rayuka, yatsan kowa a garin 'yan pale ya nuna. Amma tambayar wa ke kiran su idan ana son gari ya kama wuta, ita ba a cika yin ta da ƙarfi ba. Kyamarar Aïcha ta shiga gidan kaso, ta shiga ɗakin mata masu zaman kansu, wuraren da mutane ke tsoro. Ba ta shiga falon mai babbar riga ba. Na san shiga can ya fi wuya, domin talaka ne kaɗai ke buɗe wa kyamara ƙofa ba tare da sharaɗi ba. Amma sakamakon shi ne fuskar da duniya ta gani ta laifin Damagaram fuskar talaka ce kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maganar mai ta fi fito da wannan giɓi. Mun ga 'yan ruwa-ruwa suna kasada da ransu a hanyar daji, kuma hotunan suna da kyau da ban tsoro. To amma abin mamakin da ya kamata mai kallo ya tafi da shi shi ne wannan: tun watan Nuwamba na 2011 akwai matatar mai ta SORAZ a arewacin garin, kan hanyar Tanut, mai tace ganga dubu 20 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 na Nijar. Duk da haka shekaru da dama ana sayar da lita a gidan mai a kan sefa 540, wato dala 108, alhali man Najeriya mai tallafi ya fi araha nesa ba kusa ba. Garin da ake tace mai a bayansa yana rayuwa da man fasa-ƙwauri. Wannan bambancin farashi shi ne uban gidan kowane ɗan ruwa-ruwa, kuma a ofis aka yanke shi, a Yamai da Abuja. Hujja ita ce da Bola Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, sana'ar ta girgiza cikin 'yan kwanaki, abin da shekarun kamen duwan ba su yi ba. Fim ɗin ya riga wannan rana fitowa, ba zan nemi ya yi duba ba. Amma lissafin da ke bayan jarkar yana nan tun lokacin, kuma ya cancanci a zauna a kansa.

Abu na uku shi ne mata. An ji muryar mata masu zaman kansu, an ga irin cin zarafin da suke fuskanta, wannan kuwa abin yabo ne. Amma idan aka zo ga ta'asar pale, wanda ya aikata shi ne ke riƙe da labarin. Nadamarsa muke kallo, rashin barcinsa muke tausayawa. 'Yan matan da aka yi wa abin suna cikin garin nan, wasu sun yi aure da sirrinsu, wasu ba su samu auren ba saboda shi. Na san ba za a sa su gaban kyamara ba tare da an ƙara musu wani ciwon ba. Amma wadda ta yi "L'arbre sans fruit" ta nuna ta san hanyar sa shirun mace ya yi magana. Na so a ce ta yi amfani da wannan baiwa a nan, don kada tuba ta zama ita ce ƙarshen zance alhali ba a biya haƙƙi ba.

Don wa aka yi shi?

Fim ɗin yana cikin jerin Generation Africa, kuma da haɗin gwiwar kamfanonin Nijar da Faransa da Jamus aka yi shi. Ba na ganin wannan a matsayin aibi, domin duk wanda ya san halin da sinima ke ciki a ƙasar nan ya san ba a gida za a samu kuɗin irin wannan aiki ba. Amma mai ba da kuɗi yana da idon da yake kallo da shi, kuma idon Turai a kan Sahel tsoro ne: tsoron bakin haure, tsoron ta'addanci. Labarin matashi mai adda yana shiga wannan ido cikin sauƙi. Labarin matar da ke tashi da asuba ta bi layin famfo, a garin da matsalar ruwa ta girmi yawancinmu, ba ya shiga da sauƙi haka, alhali shi ne labarin da ya haɗa Birni da Kara-Kara a layi ɗaya.

Kuma kada mu manta garin nan yana da tasa hanyar kallon kansa tun kafin kyamarar waje ta zo. A wasan kara, matasa kan yi shigar sarki da gwamna da manyan ƙasa, da kayan da aka ƙera da karan dawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gaban jama'a, manyan suna kallo suna dariya. Ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna a nan da wasannin da ke yi wa ma'aikaci maci hanci da alhaji mai haɗama tsiya, har wata baturiya, Janet Beik, ta rubuta littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Abin lura a wannan gado shi ne madubin sama yake kallo. Talaka ne ke riƙe da shi yana haska babba. Madubin Aïcha ƙasa yake kallo, da tausayi da girmamawa, amma ƙasa.

Hukuncina

"Zinder" fim ne da ya kamata duk mai jin Hausa ya gani, daga Agadas har Kano, domin babu babban garin da ba shi da tasa Kara-Kara, ko da sunan 'yan daba ko 'yan sara-suka ake kiran 'ya'yanta. Aiki ne na mai haƙuri da ƙarfin zuciya, kuma ya mayar wa mutanen da gari ya ɗauka dodanni fuskarsu ta 'yan Adam. Masu cewa an ci mutuncin Damagaram su sake kallo, za su ga babu inda aka yi ƙarya. Masu cewa an faɗi gaskiya duka su ma su sake kallo, su ƙirga mutum nawa suka gani a ciki wanda ke da ikon sa hannu a takarda.

Rabin da ya rage ba lallai Aïcha ce za ta yi shi ba. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ɗaliban jami'ar André Salifou, akwai marubutan wannan zamani, akwai mu da makirufo ke hannunmu kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zaɓe zai sake zuwa wata rana, za a sake neman masu damtse, kuma a ranar ya kamata a samu wanda zai tsaya da alƙalami ko na'urar ɗaukar murya ya rubuta wa ya aiko motar, wa ya biya kuɗin man, wa kuma ya kashe wayarsa da aka kai yaran kaso.